Daga Jiratawa zuwa Tibiri, takardu na jiran ma'aji

Kowace shekara akwai samari da ƴan mata na ƙasar Nijar da ke gama koyon aikin kula da littattafai da takardu, su komo gida da takardar shaida a hannu. Waɗansu a Yamai suka yi karatun, a makarantar da aka daɗe da sani da sunan IFTIC. Waɗansu Dakar suka je, makarantar EBAD, wadda aka kafa a shekarar 1967 domin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Waɗansu kuwa iyaka suka ƙetara, suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka buɗe sashen wannan ilimi tun 1968, ko kuma Jami'ar Bayero ta Kano. Da sun sauke kaya, tambaya guda ce iyaye da dangi ke yi musu: a wane ɗakin karatu za a ba ku aiki?

Tambayar tana da nauyi, gama ɗakunan karatu ba su da yawa. In aka ƙidaya na birnin Maraɗi, wato na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo wadda aka kafa a 2010, da na manyan makarantu, da na gidajen al'adu, ba za a daɗe ana lissafi ba. Yawancinsu ma'aikaci ɗaya ko biyu ya ishe su, wanda ya samu kujerar kuwa ba ya tashi sai shekarun aiki sun cika. Ban da haka, zamanin da gwamnati ke ɗaukar duk wanda ya fito makaranta ya wuce tun shekarun 1980 da 1990, lokacin da aka tsuke bakin aljihun ƙasa. Shi ya sa ake ganin mai wannan ilimi yana tsaron kantin wani, ko yana zaune a fadar samari gaban butar shayi, yana jiran sanarwar ɗaukar ma'aikata.

Alhali kuwa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A cikin jihar nan ta Maraɗi akwai ofisoshi masu tarin takardu a kwali da buhu, ƙura ta rufe su, gara na ci ta ƙasa, yoyon damina na jiƙa su ta sama. Mai neman aiki na zaune a gida, aikin kuma na kwance a ofis yana neman mai yi. Dalilin wannan saɓani shi ne ba a fahimci sana'ar ba. Jama'a, har da shugabannin ma'aikatu, sun ɗauka wanda ya yi wannan karatu mai gadin littattafai ne kawai.

Abin da aka koya masa ya kasu gida huɗu. Na ɗaya, ya tattaro rubuce-rubuce da bayanai daga inda suke warwatse. Na biyu, ya rarrabe su, ya ba kowane lamba da suna da gurbi, ya san wanda za a ajiye har abada da wanda za a ƙone bayan wa'adinsa. Na uku, ya tsare su daga wuta da ruwa da ƙwari da hannun ɓarayi. Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, ya fiddo takardar da ake bukata a ranar da ake bukatarta, ya miƙa wa mai nema. Duk wurin da ake rubuta abu yau domin a duba shi gobe, wurin aikinsa ne.

A ɗauki misalin Jiratawa, kudu da birnin Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa. A farkon shekarun 1980 aka gyara filin noman ban ruwa a can, mai faɗin hekta sama da 500, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA wadda aka kafa a 1978. Ruwan daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, injunan lantarki ke jawo shi, manoma kuwa sun haɗu cikin ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Ana noman zogale, da albasa, da tattasai, da masara, da yajin yawo, rani da damina. Bayan kowane girbi manomi na biyan kuɗin ruwa, da kuɗin ne ake biyan wutar lantarki, ake gyaran injuna da magudanai.

Mai kallo daga bakin hanya ganye da ruwa kawai yake gani. Amma filin nan a kan takarda yake tsaye. Dole a san wa ke riƙe da wane fegi, tun yaushe, kuma ta wace hanya ya same shi. Dole a san wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Dole a san ranar da aka kafa kowane inji, sau nawa ya lalace, nawa aka kashe a kansa, da yadda zurfin ruwan kowace rijiya ke sauyawa shekara bayan shekara. Yau fiye da shekara 40 ke nan. Da yawa daga cikin waɗanda aka raba wa fegi tun farko sun riga mu gidan gaskiya, ƴaƴa da jikoki ke nomawa. In littafin rabon ya ɓata, ko shafinsa ya yage, gardamar gado ta samu ƙofa. In sabbin shugabannin ƙungiya suka karɓi aiki ba tare da cikakken lissafi ba, zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, mai biya ya ja baya, injin ya tsaya, shuka ta ƙone. Ƙungiyar da ta ɗauki ma'ajin takardu, ko da haɗa kuɗi ta yi da ƴan'uwanta suka ɗauki guda, ta sayi zaman lafiya da araha.

Lissafin ruwa ma ya wuce iyakar Jiratawa. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake gangarowa, an kuma gina madatsar ruwa a kansa a Jibiya. A shekarar 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da na wannan gulbi. Wakilin da zai zauna teburin shawara kan irin wannan magana yana bukatar awon ruwa na shekaru masu yawa, a jere, ba giɓi. Awon da aka yi aka watsar daidai yake da wanda ba a yi ba.

Wuri na biyu shi ne sha'anin ƙasa da gonaki. Jihar Maraɗi na cikin jihohin da suka fi yawan jama'a, gona ta yi tsada, burtali ya matse. Ba a manta da abin da ya faru a Toda cikin watan Oktoba na 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Ranar 2 ga watan Maris 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye a gunduma, da ƙaramar hukuma, da ƙauye. Waɗannan kwamitoci ke ba da takardar shaidar saye, da ta kyauta, da ta gado, da ta aro ko jingina, su ne kuma ke shata burtali da makiyaya. Sai dai takardar shaida ba ta da ƙarfi in babu kwafinta a rajista, rajistar kuma ba ta da amfani in ba a iya gano shafin. Ranar da mutum biyu suka tsaya gaban alƙali kowa da takardarsa, ma'ajin takardu ne zai nuna wadda ta riga wata.

Wuri na uku, ofishin magajin gari. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aikin rajistar haihuwa da aure da mutuwa ya ƙara kusantar talakawa. Kowa ya san wahalar uban da ɗansa zai shiga jarrabawa, aka nemi takardar haihuwa aka rasa, sai an je gaban alƙali da shaidu, an bar gona, an biya mota. Kowa ya san tsohon ma'aikacin da ke yawo daga ofis zuwa ofis yana neman takardar kama aikinsa domin kuɗin fansho. Sau da yawa takardar tana nan, ba ta ƙone ba, ba a sace ta ba, wurin da take ne ba wanda ya sani. A shekarar 2011 an kafa dokar da ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma. Doka ta ba da dama, amma sai da mai fiddo takardar damar ke zama gaskiya.

Wuri na huɗu, asibiti. Likita na duba majinyaci da ido da hannu, amma abin da ya faru bara a katinsa yake. Mai hawan jini, da mai tarin fuka, da mai juna biyu, da yaron da ke fama da tamowa, kowannensu lafiyarsa na rataye da tarihin da aka rubuta. Daga waɗannan katuna ne kuma ake tara alƙaluman da ke nuna wa ma'aikatar lafiya cewa ƙyanda ko sanƙarau ko kwalara ta ɓulla a wani yanki. Asibitocin birnin Maraɗi, da na Danja, da ƙananan gidajen likita na ƙauyuka, duka wuraren aikin ma'ajin bayanai ne. A nan sana'ar na tafe da amana mai nauyi, domin sirrin majinyaci ba abin hira ba ne.

Wuri na biyar, binciken aikin gona. A Tarna, gab da Maraɗi, akwai cibiyar INRAN, hukumar binciken aikin gona da aka kafa a 1975, inda ake gwajin irin hatsi da wake da gyaɗa. Ga kuma ayyukan raya karkara da suka zo suka wuce tun shekarun 1970, kowane ya bar rahotanni. Masana na waje sun yi rubutu mai yawa a kan yankin nan: Claude Raynaut ya yi nazarin ƙauyen Sumarana, Emmanuel Grégoire ya wallafa littafi kan alhazan Maraɗi a 1986. In ba a tattara irin wannan sani wuri guda ba, sabon aiki zai zo ya kashe miliyoyi yana binciken abin da aka riga aka gano. An fara ganin hanya: ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, da abokan aikinta sun buɗe taskar Duddal a intanet, inda aka zuba dubban takardu kan noma da kiwo, RECA ta kuma buɗe layin waya da manomi ke kira ya yi tambaya da harshensa. Wannan aikin ɗakin karatu ne, ko da yake babu bango babu kujera. Wanda ya ɗauko bayani daga rahoton Faransanci, ya sauƙaƙe shi, ya juya shi Hausa, ya aika wa manomin Jiratawa a wayarsa, ya yi abin da aka koya masa a makaranta.

Wuri na shida, tarihi da al'ada. Maraɗi gari ne na Katsinawan da suka baro birnin Katsina bayan jihadi. Tibiri kuwa Gobirawa suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A fadojin nan biyu akwai jerin sarakuna, da kirari, da wasiƙu, da labarun da ke bakin maroƙa da dattawa. A gidajen malamai akwai littattafan Larabci da na ajami cikin gafaka. A gidajen rediyo akwai tsofaffin faya-fayai da kasusuwa... na muryoyin da ba za a sake jin irinsu ba, zafi da ƙura na cin su. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai tana riƙe da rubuce-rubucen hannu wajen 4000, waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa, cibiyar CELHTO kuma tun 1968 take aikin adana labarun baka. Amma abin da ke Yamai kaɗan ne daga abin da ke gidajen mutane. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama har aka hau da gari bisa tudu, daminar 2024 ma ta rusa gidaje masu yawa. A Tambutu, cikin watan Janairu na 2013, an ƙone rubuce-rubuce wajen 4000, amma dubban ɗaruruwa sun tsira saboda masu kula da su sun riga sun kwashe su a ɓoye zuwa Bamako. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ke ganin tsohuwar takarda ba ta da daraja, ya tuna da tsibirin Lete. Shekaru da yawa Nijar da Benin na jayayya a kansa. Ranar 12 ga watan Yuli 2005 Kotun Duniya ta birnin La Haye ta yanke hukunci cewa tsibirin na Nijar ne. Ba da bindiga aka raba gardamar ba. Da wasiƙu da dokoki da rahotannin zamanin mulkin mallaka aka yi shari'ar, waɗanda aka tono daga taskokin takardu. Takardar da wani akawu ya rubuta, wani ma'aji ya adana, ita ta tsaya wa ƙasa shaida bayan shekaru kusan 100.

Wuri na bakwai, kasuwa. Maraɗi cibiyar ciniki ce, kaya na shiga na fita ta Ɗan Isa da Jibiya, an kuma aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Alhajin da ke da motoci da rumbuna da yara a garuruwa uku ba zai iya riƙe lissafi a ka ba kamar yadda mahaifinsa ya yi. Takardun kwastan, da na banki, da na haraji, da yarjejeniyar kwangila, kowace akwai ranar nemanta. Gidaje nawa na arziki suka watse bayan rasuwar mai gida, saboda ba wanda ya san abin da ake binsa da abin da yake bi? Matashin da ya koyi sana'ar nan zai iya buɗe ofishinsa, ya riƙa tsara wa ƴan kasuwa da ƙungiyoyi da makarantu takardunsu, ana biyansa.

Akwai masu cewa kowane sakatare zai iya wannan aiki. Sakatare na rubuta wasiƙar yau, ya aika, ya fuskanci ta gobe, ba a koya masa tsarin da zai sa baƙon da ya zo bayan shekara 20 ya gano ta cikin minti biyar ba. Akwai masu cewa kwamfuta ta zo, an huta. Kwamfuta rumbu ce, abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Wanda ya zuba hatsi da tsakuwa a haɗe, haka zai kwasa. Takarda dubu da aka ɗauki hotonsu ba suna ba lamba sun ɓata kamar yadda suka ɓata cikin buhu, kuma na'ura na lalacewa dare ɗaya in ba a yi kwafi an ajiye a wani wuri ba. Akwai masu cewa babu kuɗi. A auna albashin ma'aikaci guda da kuɗin shari'ar gona guda, ko da kuɗin binciken da aka maimaita, sa'an nan a faɗi wanne ya fi tsada.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Shugabannin ma'aikatu da na ƙananan hukumomi su sa gurbin ma'ajin takardu cikin kasafin kuɗinsu, su ba shi ɗaki mai rufi nagari da makulli. Su daina mai da ɗakin takardu wurin jefa ma'aikacin da aka yi fushi da shi. Ƙaramar hukumar da ba ta iya ɗaukar nauyi ita kaɗai ta haɗa kai da maƙwabtanta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wani aikin raya ƙasa da za a sa wa hannu, a rubuta tun farko inda takardunsa za su koma ranar da ya ƙare.

Makarantun da ke horar da waɗannan matasa su tura su gwajin aiki a ƙungiyoyin manoma, da kwamitocin filaye, da asibitoci, da gidajen rediyo. Su ƙara musu sanin kwamfuta, da dokokin ƙasa, da rubutun harsunan gida, boko da ajami. Ma'ajin da bai iya karanta ajami ba, rabin taskar ƙasar Hausa a rufe take gare shi.

Su kuma matasan, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kada wanda ya yi Dakar ko Zariya ya ga ƙanƙanci ne ya zauna a ofishin ƙungiyar manoma yana kaɗe ƙura daga rajista. Ya je da kansa, ya nemi izini, ya gyara ɗaki guda, ya bar aikin ya yi magana. Shugaban da ya nemi takarda ya same ta nan take ba ya bukatar dogon bayani.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ma suna da babban rabo a ciki. Tun shekarun 1960, zamanin hukumar UNCC da kasuwannin gyaɗa, manoman da suka koyi rubutu da lissafi da Hausa suka fara riƙe sikeli da littafin ƙungiya da hannunsu. Har yau su ne sakatarorin ƙungiyoyi, da na kwamitocin ƙauye, da na asusun mata. Daga alƙalaminsu takarda ke farawa. Su sa kwanan wata a kowane shafi, su rubuta suna cikakke, kada su yage shafi, su ajiye littafi cikin akwatin ƙarfe nesa da ƙasa, su miƙa shi ga magaji a gaban shaidu. In sakataren ƙauye ya yi nasa, ma'ajin gunduma ya yi nasa, takardar manomin Jiratawa za ta kai ga jikansa lafiya.

Ƙasa ta kashe kuɗi ta koyar da waɗannan ƴaƴa nata, takardu kuma na lalacewa kowace damina. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai aiki da aikinsa tun gara ba ta gama nata ba. Allah ya ba shugabanni ikon dubawa, ya ba matasa himma.